Rasuwar Rumbu, Injin Ajiyar Cha'ibu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Cha'ibu mai shagon hoto na bayan tashar Matameye yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Rumbu, injin ajiyar hotuna da bidiyo da ya haɗa da hannunsa, abin da 'yan boko ke kira serber. Ya cika jiya da azahar, a kan tebur, mai shi yana tsaye yana yi masa fifita da kwali.

Ga wanda bai san marigayin ba, ba inji ɗaya ba ne. Tsofaffin ordinater, wato kwamfutoci, uku ne Cha'ibu ya sayo a Kano, Babba da Ta Tsakiya da Auta, ya haɗa su da waya, ya zuba musu Kubanetis, manhajar da ke raba aiki cikin 'yan akwatuna da ake kira kwantena, in wata ta gaji ta miƙa wa 'yar uwarta. Duk abin da ya shiga sai an ajiye shi wuri biyu. Ya sha wuya kafin abin ya tashi, ya rame har Hanifa matarsa ta fara nema masa rubutu. Da ya tashi kuwa, ba wanda ya huta da bakin Cha'ibu. A wurin mai shayi, a ƙofar masallaci, maganar ɗaya ce: kowa ya zuba nasa a Rumbu ya goge wayarsa ya huta, kaya suna nan Matameye, ba su je hannun kowa a ƙasar waje ba.

Cikin waɗanda suka ji, suka zuba, suka goge, har da surukinsa Alhaji Shekara. Abin da ya zuba kuwa bidiyon marigayiya Hajiya Baiwa ne, matarsa, mahaifiyar Hanifa, tana tsaye a Arfa tana kiran sunan 'ya'yanta ɗaya ɗaya tana sa musu albarka. Ta dawo ba da daɗewa ba Allah ya karɓi abinsa. Muryarta ba ta rage ko'ina a duniya ba sai nan.

Marigayi Rumbu mai riƙon amana ne, wannan kowa ya shaida. 'Yan ci-rani a Legas da Fatakwal ta wurinsa suke ganin jariransu ranar suna, kuma bai taɓa nuna wa wani hoton matar wani ba. Ba ya gulma, ba ya fushi, cimarsa kuran kawai, wato wutar lantarki. Da safe in an kunna shi yakan ce "fit" sau ɗaya, kamar mai sallama, sa'an nan ya kama "huuu" ɗinsa har yamma. Cha'ibu kan ce da jin wannan huuu ɗin yake sanin gari lafiya.

Ciwon ajali ya samo asali ne ranar da Alhaji ya leƙo shago zai wuce Kance, ya tsaya ya dubi teburin, ya ce: "Cha'ibu, ka ga kana da uku, ƙanin matarka Iliyasu zai tafi karatu Damagaram ba shi da ko ɗaya." To, jama'a, a faɗi gaskiya: wane ɗan halak ne zai ɗaga kai ya yi wa surukinsa bayanin kwantena? Cha'ibu ya san kowace ɗaya ginshiƙi ce. Ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Shi da kansa ya goge wa Ta Tsakiya ƙura ya kai ta mota. Ya yi ta kiran Iliyasu a ce kada a taɓa abin da ke ciki, rezo, wato layin waya, ya ƙi, da ya samu kuwa an riga an yi mata formate, an wanke ta tas.

Da ma haka abin yake, in ɗaya ta tafi, sauran su kwafi kayanta su raba. Sai dai Auta cikinta ƙarami ne, ya daɗe da cika. Nauyi ya koma kan Babba ita kaɗai, ga zafin bazara, ga kuran ana kawowa ana ɗaukewa. Cha'ibu ya yi ta cewa ranar kasuwa zai sayo sabon dis, faifan ajiya, ya kwashe kayan. Kafin kasuwa ta ci, huuu ya koma gurnani, gurnani ya koma "ƙas, ƙas, ƙas". Wannan ita ce maganar marigayi ta ƙarshe. Cha'ibu ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, har ya tofa mata addu'a. Ƙas ɗin ma ya daina.

Ya rasu ya bar Auta, da ranta, fitilarta na ƙiftawa, amma ta ƙi yin komai, domin tsarin nasu ba ya karɓar maganar guda sai an samu biyu sun yarda, kamar shaida a gaban alƙali. Cha'ibu ya buɗe cikinta ta bayan fage ya bincike kaf. Ya samu bikin mutanen Dungu, ya samu hotunan raguna na wani dillali, har da bidiyon kokawa. Na Hajiya babu. Nata biyun, ɗaya yana cikin wadda aka wanke, ɗaya cikin wadda ta mutu. Marigayi ya bar Ta Tsakiya a Damagaram, ba ta tuna kowa. Ya kuma bar Cha'ibu, wanda tun jiya in mota ta tsaya a ƙofar shago sai ya miƙe zumbur. Tsoro yake ji, ba wasa ba. Ba zai iya ce wa Alhaji aron Ta Tsakiya da ya yi ne sanadi ba, ba kuma zai iya ce wa Hanifa laifin mahaifinta ne ba. Abin da kowa zai tuna shi ne wanda ya ce a goge.

Game da jana'iza: ba za a yi wanka ba, saboda marigayi bai jitu da ruwa ba ko da yana raye. An naɗe gawar, wato Babba, a bargo, gobe da safe za a sa ta a motar Damagaram zuwa wurin Malam Yahaya mai gyara, wanda ya saurari labarin ƙas ɗin a waya, sa'an nan ya ce a kawo dai, amma kada a sa rai. Ana roƙon direba kada ya ɗora buhun gero a kai.

Ba za a zauna makoki a shago ba. Masu ta'aziyya su wuce gidan Cha'ibu yau bayan la'asar, su tsaya a zaure, dattawa a gaba, domin lokacin ne zai shiga ya faɗa wa Hanifa da bakinsa, kuma ba zai iya shiga shi kaɗai ba. Ana roƙon kada kowa ya riga shi. Ba ta san komai ba tukuna. Ɗazu ta aiko masa da wayarta a ɗaure cikin gyale, ta ce ya duba mata ko ita ce ta lalace, tun jiya take danna bidiyon Inna, Inna ba ta magana.