Sanyin Ingila a Kagoma

Wani ne a Kagoma, kishi kamar ya kashe shi. Matarsa Emilia tana da ɗan lambu a bayan gida, kabeji da alayyafo da tumatir, duk ta tanada don Kirsimeti. Rannan tsohon saurayinta Jason, wanda ya tafi Ingila, ya turo mata hoton nasa lambun. Raɓa ta daskare a kan ganye, fari fat, sai ƙyalli yake.

Ta ƙura wa waya ido tana ajiyar zuciya. "Kai, Yesu na! Duba kyau. Wasu dai sun dace."

Gogan ya leƙo. "Mene ne wannan?"

"Sanyi ne, Baban Milka. Na gaske, ba irin namu ba."

"Wane sanyi Ingila za ta nuna wa Kagoma? Ki jira ki gani."

Ya hau acaɓa sai Kafanchan. Ya sayi ƙatuwar ƙanƙara wajen masu lemo, ya ɗora a cinya, suka kamo hanya da tsakar rana. Kafin su iso gida saura leda. Wando ya jiƙe sharkaf.

Ɗan acaɓa ya dube shi sama da ƙasa. "Haba oga! In tsoro kake ji, ai sai ka ce in rage gudu."

Bai daddara ba. Washegari da sassafe ya sungumo buhun fulawar da Emilia ta ajiye don cincin, ya ɗauki rariya, ya bi lambu ganye-ganye yana tankaɗewa. Raɓa ta kama fulawar. Wallahi ya yi kyau! Shi kansa sai da ya ji tausayin Jason.

Ya ruga ciki, ya bar ƙofar lambu a buɗe.

"Maman Milka, tashi! Sa rigar sanyi! Ingila ta sauka!"

Ya sa mata rigar sanyi biyu da hula da safa, ya ce kada mura ta kama ta. Kafin a gama wannan shiri, awakin unguwa sun ji labari.

Suka fito. Babu kabeji, babu alayyafo, sai kara tsirara da wani bunsuru mai farin gemu yana lasar baki.

Gogan ya yi gyaran murya. "Ai... haka yake ko a can. Rana na fitowa sai ya narke."

Emilia ta dubi lambu, ta dubi buhunta a yashe, ta cire hula a hankali.

"To, mai sarrafa yanayi. Kafin in ɗauko muciya, yi mana damina."