Nomau da Rawutar Kuluwa

A unguwarmu akwai wani Nomau, wanda in ka ce ya jira ka a nan, baɗi ma a nan za ka iske shi. Su biyu ne a gida da matarsa Kuluwa. 'Yarsu tilo, Zulai, tana aure a Kumasi, ga tsohon ciki. Burin Kuluwa ɗaya ne, ranar suna ta ga jikanta a waya. Sai mijin Zulai, Sabitu, ya ce a sayi modam mai jawo intanet, da rawuta mai watsa ta cikin gida.

Wata rana Sabitu ya kira. "Baba, kada ka saya sai an gwada a gidanka." Nomau ya je kasuwa, ya zaɓi rawuta mai ƙaho huɗu, ya cafke rigar mai shago. "Taso, malam." Bawan Allah ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya biyo shi yana ƙunƙuni.

Wata rana Sabitu ya ce a sa rawutar wuri mai tsayi a tsakiyar gida. Nomau ya rataye ta a ƙolin darbejiya. Sabitu ya ƙara da cewa, "Lambar sirri kuma, kada ka gaya wa kowa." Kwana uku Kuluwa tana roƙo.

"Malam, ni ce fa!"

"Kowa aka ce."

Da Sabitu ya ji, ya ce, "Haba Baba, gaya wa Inna yanzu, da ƙarfi, yadda za ta ji." Lokacin Nomau yana kan bishiya yana kore tsuntsaye. Daga can ya ƙwala lambar sau uku. Ba zan ɓoye ba, har ni na rubuta. Unguwa ta hau intanet, hoton Zulai ya riƙa daskarewa a wayar Kuluwa baki buɗe. Kuluwa ta yi kuka, ni kuwa kunya ta kama ni.

Wata rana, ranar suna ke nan, gida ya cika maƙil. Sabitu ya ce, "Baba, a raba hanyar intanet biyu, ta gida daban, ta baƙi daban, kada su haɗu." Nomau ya sauko da rawuta, ya kai ta ɗakin Kuluwa, ya kifa mata tukunyar tuwon biki. Baƙi kuma ya kai musu kwalin rawutar zaure. "Ga taku." Ya ɗauki sanda ya zauna gadi a bakin ƙofar ɗakin.

Muka yi ta dariya, har muka duba wayoyinmu. Babu komai! Tukunya da katangar laka sun tsare sabis a ɗaki. Can sai muka ji guɗa. Jariri ya fito tar a wayar Kuluwa, yana hamma.

"Malam, shigo ka gani! Wallahi hancinka ne!"

Nomau ya share ido da hannun riga. "Juyo min shi nan, Kuluwa. Sabitu bai ce in tashi ba."