Ranar da Muryar Gareji Ta Kuɓuce Mini

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar ba, a kan hanyar Yola zuwa Jimeta. Har yau in na zo daidai wurin a cikin keke sai in kau da kai, kamar itatuwan bakin titin za su nuna ni da yatsa.

Babana mai faci ne a unguwar Dubeli ta Jimeta, kuma 'ya'ya mata zalla Allah Ya ba shi. Ni ce babba, don haka ni na tashi ina miƙa masa sifana in an taso daga makaranta. Kafin in gama sakandare na iya cire taya in mayar ba tare da kowa ya kama mini ba, har direbobi suka laƙaba mini Injiniya. Murya kuwa ba a magana. Wadda ta girma tana hira a kan ƙarar injin bayar da iska ba ta san raɗa ba.

Sai rikicin masu tayar da ƙayar baya ya yi tsanani. Mutane suka riƙa kwararowa daga arewacin jihar, gidanmu ya cika da dangi, sojoji suka kafa shingaye, dokar hana fita tana kulle mu tun da sauran haske. Zaman gida ya ishe ni, na faɗa karatun littattafan soyayya a waya da kallon fina-finai. A nan na gano ashe duk rayuwata ba daidai nake yi ba. Jarumar labari ba ta tafiya, tana taku ne. Ba ta magana sai cikin sanyin murya. Cokali biyu take ci ta ce ta ƙoshi, in ta ga kyankyaso ta ƙwalla ƙara, namiji ya zo ya cece ta. Mace mai babbar murya irina kuwa, ko dai muguwar ƙawa ce ko wadda aka sako don a yi dariya, kuma ba ita ake aura a ƙarshe ba.

Ana haka na haɗu da Hamidu a gidan wata ƙawata. Ma'aikacin gwamnati ne, ɗan unguwar Mbamoi a Yola, mai yawan kaɗa makullin mota a yatsa (motar yayansa ce, daga baya na sani). Daga ranar na rage murya har ni kaina da ƙyar nake jin abin da nake faɗa. Da ya tambayi sana'ar Baba na ce yana harkar motoci (ai ba ƙarya na yi ba, taya ma mota ce). Zance kuwa a gidan ƙanwar mamata a Rumde nake sa shi ya same ni, don kada hanya ta bi da shi ta gaban garejinmu. Ga lalle kullum a hannu, don ya rufe baƙin mai da ya ƙi fita daga gindin farce.

Shi ma yana nasa ƙoƙarin. In zai yi magana sai ya ƙara wa muryarsa kauri ya ce, "Muddin ina raye, babu abin da zai same ki." Ni kuma in sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi.

Ran nan ana bikin wata ƙanwarsa a Mbamoi, ya gayyace ni don danginsa su gan ni. Na ci anko, na hau takalmi mai tsini, na zauna kamar hoto. Aka kawo shinkafa da nama na tsakura na ture, cikina yana kuka. Da za mu dawo aka haɗa mu da Goggo Dija, yayar babansa, wadda ke zaune a Jimeta. Dattijuwa ce Bafulatana, Hausarta ba ruwanta da "ka" da "ki", kowa "kai" ne a wurinta.

Mun taso a makare. Tun a gidan biki ake ta raɗe-raɗin an ji wata ƙara a wani wuri, kowa na duba waya, ba wanda ya san gaskiya. Mama ta kira ni ya fi a ƙirga. Motoci na gudu kowa na son ya wuce shinge kafin a rufe hanya. Muna tsakiyar tafiya sai na ji motar ta fara ja gefe. Tun kafin Hamidu ya gane na san tayar baya ce. Amma na dafe ƙirji, na kira shi da sunan da nake ce masa, wato yaya da Fulatanci, na ce, "Wayyo, Hamma, mene ne?"

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Aikin maza ne."

Muka fito ni da Goggo muka tsaya a gefe. Ya ciro jak ya dasa a kan yashi, bai ja birkin hannu ba, bai sa dutse a bayan taya ba. Ya ɗaga motar tun bai sassauta noti ko ɗaya ba, sannan ya sa sifana, tayar ta kama juyi a iska tana bin hannunsa. Da ya samu ya tokare ta da gwiwa, sai ya shiga murzawa ta ɓangaren da ake ɗaurewa. Na ciji leɓe. Na kalli rana tana sauka. Na kalli titi yana raguwa da motoci. Ƙafata sai kai ni take tana dawo da ni, hannuwana na ƙaiƙayi a cikin mayafi.

"Hamma," na ce da 'yar muryata ta aro, "ko za a gwada ta ɗaya gefen?"

"Ke dai yi addu'a kawai."

Goggo na jan carbi tana kallon hanya. Waya ta sake ƙara a jakata. Sai na ga jak ɗin ya fara karkata cikin yashi, shi kuma ya kwanta ya zura hannu har kafaɗa a ƙarƙashin motar wai zai gyara masa zama.

Ban san lokacin da ta fito ba. Muryar gareji, cikakkiya, wadda ake ji daga tsallaken titi.

"Kai, dalla cire hannunka, sakarai! Mota za ta danne ka!"

Ya fizge hannu, jak ya zame, motar ta dira ƙasa. Carbin Goggo ya tsaya cak.

Tunda ta riga ta ɓaci, na cire takalmi na miƙa wa Goggo, na ɗaure mayafi a ƙugu. Na ja birki, na tokare taya da dutse, na samo wani faffaɗan dutsen na ɗora jak a kai. Notin da ya ɗaure tamau sai da na hau kan sifana da ƙafa na yi tsalle kafin ya saki, siket ɗin ankona ya ce ɓarr daga gefe. Ban ko duba ba. Ina cikin ɗaura safaya wani mai keke ya rage gudu ya leƙo.

"Ah-ah, Injiniya! Har nan aiki ya kawo ki? Ki gaida Baba, facin da kika yi min har yau bai sace ba!"

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Muka koma mota muka kama hanya. Mun samu mun wuce shinge ana dab da rufewa. Sai can Goggo ta fashe da dariya har tana share hawaye, ta dafa ni ta ce, "Kai yarinya, ashe kana da murya! Tun safe ina tausayinka, na ce Hamidu ya kawo mana marar lafiya." Ta kwance ƙullin naman biki ta ajiye mini a cinya. Na cinye shi tas da baƙin hannuna, don babu sauran abin ɓoyewa.

Hamidu ya daɗe bai kira ba. Da ya zo, garejinmu ya zo, ya gaida Baba da ladabi, sannan muka koma gefe. Na ba shi haƙuri a kan zagin. Ya yi magana da muryarsa ta gaskiya, wadda ashe siririya ce.

"Ba zagin ba ne, kin ceci hannuna. Ba tayar ba ce kuma. Watanni ina hira da wata, yanzu ban san ko wace ce ba."

Na so in ce ni ma haka, amma na ga nawa laifin ya fi girma. Maganar aure ta mutu a nan, ba faɗa ba gaba. Goggo Dija kuwa har ta rasu ba ta daina aiko mini da gaisuwa ba.

Littattafan ban daina karantawa ba, ina jin daɗinsu har gobe. Abin da na koya shi ne, halin aro yana zama ne muddin hankali a kwance yake, tsoro na zuwa na gida ke fitowa. Saboda haka duk wanda ya zo neman aurena bayan nan, da muryata nake yi masa sannu da zuwa, mai gudu ya gudu da wuri. Kuma ko ran mutum za ki ceta, 'yar'uwa, ki fara duba ko goggonsa na tsaye.