Sulhun da Ba Wanda Ya Roƙe Ni

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Maris na 1986 ba, ranar da na zuba babbar riga na hau dandamali a birnin Lyon, na sasanta mutane biyu da ko kallon banza bai taɓa haɗa su ba. Shekaru sun ja, na yi furfura, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun tarihi, ina zaune a gidan ɗalibai a unguwar Villeurbanne, cikin wani ɗaki kamar akurki. Ni ɗan wani ƙauye ne kudu da Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, kuma tun ina lakwal, wato makarantar boko, aka san ni da iyayi. Ni ne mai gyara wa mutane Faransanci, ni ne mai raba gardamar da ba a sa da ni ba. Babban aibina kuwa, in mutum yana magana ba sauraronsa nake ba, jira nake ya ja numfashi in karɓe zancen.

Maƙwabcin ɗakina wani saurayi ne mai suna Rafael, yana karatun injiniya. Gajere ne, mai baƙin gashi, fatarsa kamar ta mutanen Agadas. Ranar da muka fara gaisawa ya ce mini shi Ba'amurke ne daga jihar Texas, na ce masa madalla. Amma duk Lahadi ina jin sa a wayar da ke ƙasan bene yana zuba Sifaniyanci da kakarsa, kuma abincinsa wake ne da barkono da wata waina ta masara. Nan na yanke wa kaina hukunci: ɗan Meksiko ne da ya tsallaka iyaka, kunya ce ta hana shi faɗa. (Har tausayinsa nake ji, don Allah ku ji ƙarfin hali.)

Mutumin kirki ne na ƙin ƙarawa. Sanyin farko da ya kwantar da ni, shi ya yi ta jinyata kwana biyar, yana kawo mini romo. Saboda ni ya daina sa naman alade a tukunyar wakensa, don mu riƙa ci tare.

Sai ƙungiyarmu ta ɗaliban ƙetare ta shirya ranar al'adu: kowace ƙasa da teburinta, da tutarta, da abincinta. Aka ce ana neman mai gabatarwa, kafin a rufe baki na miƙa hannu. Ana saura mako guda Rafael ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado, ya ce kakarsa tana kwance ba lafiya, kuma ya yi mata alkawarin zai aika mata hoton wannan rana: shi a tsaye bayan teburinsa, hotonta a gabansa. Daga nan ya shiga wani dogon bayani a kan cikar shekara ɗari da hamsin, da wani kakan kakansu da ya yi yaƙi. Ina ta gyaɗa kai ina "haka ne, haka ne", alhali hankalina yana kan wace hula ce za ta fi dacewa da rigata. Abin da na riƙe kawai shi ne akwai tsohuwa, akwai hoto.

Ranar Asabar bayan Azahar na isa zauren da wuri, ina zagayawa ina ba da umarni. Na tarar Rafael ya shirya ɗan teburinsa jikin na Amurkawa, ya tafi kicin ɗauko tukunya. A kai akwai hoton wata tsohuwa mai kitso biyu, da wata takarda cikin gilashi, da ƙaramar tuta mai tauraro ɗaya. Na dubi tutar na ce ai wannan ta Chile ce, wani ya yi kuskure. Na zare ta na kai wa 'yan Chile, suka ce ba tasu ba ce, na ce su dai riƙe. Sa'an nan na kira mutum biyu muka ɗauki teburin cak, muka kai shi ƙarƙashin babbar tutar Meksiko. A raina cewa nake yau zan raba abokina da jin kunyar asalinsa.

Kafin ya dawo zaure ya cika, na riga na kama makirfo. Na gabatar da 'yan Senegal, na gabatar da 'yan Lebanon, ana ta tafi, kaina yana ta kumbura. Can na hango shi ya shigo rungume da tukunya yana waige-waigen teburinsa.

Na ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanmu Rafael na ƙasar Meksiko. Ni ɗalibin tarihi ne, bari in tuna muku. Shekara ɗari da hamsin ke nan da Amurkawa suka yaƙi mutanen su Rafael suka raba su da Texas. To mu a ƙasar Hausa ba ma barin gaba ta kwana. Yau za a yi sulhu."

Na sauko na karɓi tukunyar daga hannunsa na dire. Na je teburin Amurkawa na jawo wata baiwar Allah mai jan gashi, wadda daga baya na ji ko hanyar Texas ba ta sani ba. Na kama hannunsa na kama nata na haɗa, na ɗaga sama ƙarƙashin tutar Meksiko, na ce, "Rafael, ka yafe musu." Zaure ya ɗauki tafi. Mai hoton da ƙungiya ta ɗauko ya danna.

Na miƙa masa makirfo ina washe baki. Ya karɓa. Ya ce da Faransanci, a hankali, "Ni Ba'amurke ne. Na gode." Ya ajiye, ya je ya ɗauki hoton kakarsa da takardar nan, ya fita. Tafin ya mutu. Wata malama da ke layin gaba ta rufe fuska da tafin hannu, ni kuma ina tsaye cikin riga mai sitaci, gumi yana bin bayana.

Na same shi zaune a kan matakala a waje. Na so in fara bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Yau dai ka bari in gama," in ji shi. "Takardar nan sunan kakan kakanmu ne a jiki. A wancan yaƙin, ɓangaren Texas ya yi, da Sifaniyancinsa a bakinsa. Gidanmu a San Antonio ya girmi ƙasar Amurka. Ba mu taɓa tashi ba, tuta ce ake ta canzawa a kan rufinmu. Da aka ci yaƙin aka bi irinsa aka karɓe gonaki, aka ce musu baƙi. Kakata tana ƙarama malamai suka yi ta dukan yatsunta da rula don ta yi yaren uwarta a makaranta. Duk rayuwarta ana ce mata ta koma inda ta fito. Abin da ta roƙe ni kaɗai, in tsaya a ƙasar Turawa ƙarƙashin tutar Texas in faɗi sunan gidanmu da yarenmu, ta gani da idonta. Duk na gaya maka wannan a ɗakinka."

Ya tambaye ni tutarsa. Muka koma ciki, 'yan Chile suka ce sun ajiye a wani wuri, aka yi ta nema ba a gani ba. Kakarsa ce ta aiko masa da ita.

Ban iya kwana biyu ina haɗuwa da shi a bene ba. Washegari da safe na shiga jirgin ƙasa na gudu Paris wurin Kawu Alhaji Ilu, yayan mahaifiyata, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge. Bayan mun gaisa, ya tambayi karatu da sanyi da mutanen Lyon, na kwashe labari na ba shi, ina ɗan gyara shi ta yadda laifina zai ragu. Har na ce, "Amma Kawu, mutum yana yaren Meksiko, yana cin abincin Meksiko, ai dole a ɗauka."

Kawu ya ajiye almakashi ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ɗan nan, uwarka 'yar wace ƙasa ce?"

Na ce, "Nijar mana."

"To ni da ita ɗaki guda anka haife mu. Da Nasara sunka ja igiyarsu, gidanmu ya hwaɗa Faransi, rijiyarmu da kushewar kakanmu sunka hwaɗa Ingilishi. Ka manta randa jandarma ya tsaida ta bisa hanyar likita, ya ce ita 'yar Ingilishi ce ta koma ƙasarsu? Kana riƙe da zanenta kana kuka. Mi ya raba ka da jandarman nan, in ba riga ba?"

Na sunkuyar da kai. Bai ƙyale ni ba.

"Kuma ba kai ne ba kake rataya ma yara ƙashin nan a wuya a lakwal, in sunka yi Hausa? Har ɗan ƙanena ka rataya ma, ya sha bulala wurin mushe, malaminku. Ashe halin yana nan, jirgi dai ya hau."

Gaskiya ce, ni ne mai tsaron wannan ƙashin, kuma da alfahari nake yi. A shagon nan, tsakanin bandir-bandir na atamfa, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Kawu ya bar ni na yi mai isata, sa'an nan ya ce, "To kuka ba ya ɗinka tuta. Wace kala ce?"

Ya yanko shuɗi da fari da ja, ya kai ni wurin wani tela ɗan garin Tawa a bayan layinsu. Sai da muka je kantin littattafai na duba yadda take, don kada in sake kai wa mutum ta Chile. Telan ya ce sai Laraba, aiki ya yi masa yawa. Na ce ba komai. (Ga waya nan a gidan ɗalibai, da na kira na ce masa ya jira ni ina tafe. Ban kira ba. So nake in ba shi mamaki, a ce ni ne na gyara.)

Ranar Alhamis na sauka Lyon da tuta a jaka. Na riga na tsara komai: zan ari zauren, in tara mutane, in kira mai hoto, in kuma rufe bakina. Na ƙwanƙwasa ƙofarsa, shiru. Matar da ke kula da gidan ta leƙo ta ce ai an yi masa waya ranar Talata, kakarsa ta rasu, ya tafi jiya da safe da kayansa duka. Ta ce kafin ya tafi ya ƙwanƙwasa ƙofata sau biyu.

Bai dawo ba. Na rubuta masa wasiƙa uku. Ta ukun ce ya amsa, da layi huɗu: ya yafe, ya san ba da mugunta na yi ba, kuma tsohuwar ta yi ta tambayar hoton har ranar ƙarshe, yana ce mata ana wankewa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Hoton kuwa an wanke, mai hoton da kansa ya kawo mini, wai na yi kyau. Ga ni nan a tsakiya haƙora talatin da biyu a waje, ga baiwar Allah mai jan gashi tana murmushin dole, ga Rafael yana kallon ƙasa. A gefe, in ka lura, za ka ga rabin fuskar tsohuwar a kan tebur, ƙarƙashin tutar da aka yi shekara tamanin ana tura ta gare ta.

Tutar da na ɗinka tana nan ƙasan akwatina, ba a taɓa buɗe ta ba. Na yi shekara talatin ina koyar da tarihi, kuma ɗalibaina sun san ni da wata ɗabi'a da suke yi wa dariya: in na tambayi mutum daga ina yake, sai in kama leɓena da yatsu biyu har ya gama. Su a ganinsu tsufa ne. Ban taɓa gaya musu cewa wata tsohuwa ce a San Antonio ta biya mini kuɗin wannan darasi ba, kuma ko sunanta ban sani ba, domin ranar da aka faɗa mini ina zaɓen hula.