Jar Singiletin Da Ta Sa Ni Wasiyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗauke ni ranga-ranga daga filin makaranta ba, ina salati jama'a suna taya ni. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A shekarun saba'in abin ya faru, lokacin garin namu ma ba a fara ce masa Suleja ba, Abuja muke kiransa. Ina sabon malamin firamare, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina zaune a gidan Goggo, ƙanwar babana da ta riƙe ni tun ina ƙarami. Babu abin da na sa a gaba a lokacin kamar gayu. Ga suma na tara kamar an kifa mini kwando, ga wando mai faɗin ƙafa da ke share titi duk inda na bi, ga takalmi mai tudu wanda in na hau shi har tsakiyar kan hedimasta nake hangowa. Albashina kuwa ba ya shiga kanti, saboda haka duk wannan ƙawa daga tulin gwanjo take fitowa. Ranar kasuwa in aka kwance dila ni ne farkon tsugunawa. In na tono abin da na tono sai in kawo gida in hau keken ɗinkin Goggo, in rage nan, in ƙara can, in sauya maɓalli. (Wanda duk ya tambaye ni inda na samu, sai in ce daga Kaduna aka aiko mini. Allah ya yafe.)

Akwai wata malama a makarantar, Malama Hajara, mai koyar da 'yan aji biyu da kuma ɗinki. Tun ranar da aka kawo ta na rasa natsuwa, amma ban taɓa ce mata komai ba ban da ina kwana da sai gobe. Na bar wa wando da takalmi su yi mini magana, su kuma ga alama ba su iya ba.

Ana nan sai hedimasta ya tara mu ya ce a gasar wasannin ƙarshen zango ta bana malamai ma za su yi tsere, kowa ya wakilci gidansa, sanye da launin gidan. An raba ɗalibai da malamai gida-gida, ni da Malama Hajara muka faɗo Jan Gida. Maza biyu ne kawai a cikin malaman gidan namu, ni da wani dattijo malamin Arabiyya da ke tafiya da sanda. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ai ni ne zan fitar da su kunya. Na gyaɗa kai kamar wanda aka tuna wa tsohuwar sana'arsa. Gaskiyar magana, a kwaleji ni ne mai riƙe wa 'yan gudu riguna.

Na nemi abokina Malam Bawa, mutumin Garam, wanda zai yi wa Koren Gida gudu, na ce mu riƙa fita motsa jiki bayan sallar asuba. Shi mutum ne da in an tashi makaranta ranar Juma'a yake taka sayyadarsa har garinsu, ya yi noma, ya dawo Lahadi ko haki ba ya yi. Muka ɗauki hanyar Kurmin Sarki. Ba mu yi nisa ba kwiɓina ya soke kamar an cusa mini kibiya, na kama gindin wani mangwaro ina numfashi da baki. Washegari kuwa sai da na yi dabara kafin na sauko daga gado. Cinyoyi sun yi tsami, ƙwaurina yana zugi kamar an doke shi da taɓarya, kambas ɗin da na tono a gwanjo (ya ɗan matse ni, amma yana da kyau) ya tayar mini da bororo a dugadugai. A masallaci in an tafi ruku'u sai na kusa da ni ya ji nishina. Goggo ta gasa mini ƙafafu da ruwan zafi, ta mulke su da man kaɗanya, tana tambayata wai wa ya biyo ni da har nake gudu da sassafe.

Malam Bawa ya ce haka yake ga duk sabon shiga, in na ci gaba a hankali jikin zai saki. Ni kuma na yi nawa lissafin, na ga gara in adana ƙarfina sai ranar. Ban sake fita ba. Lokacin da ya rage na ba wa abin da na fi iyawa, wato kayan da zan sa.

Na birkice gwanjon kasuwa kaf ban sami jar singileti ba. Sai na ɗauki fara, da farin gajeren wando, na biya ta wurin masu kayan koli na sayi ƙullin jar galura. A gida na jiƙa ta a bahon wankin Goggo da ruwan randa, na ga kamar ba ta yi kauri ba, na ƙara. Na tsoma singiletin, na tsoma wani dogon ƙyalle da zan ɗaura a goshi, don na taɓa ganin hoton wani ɗan gudu da irinsa. Suka fito jawur, gwanin kyau. Na tsaya ina tunanin ko in ɗauraye su, sai na ce wane mahaukaci ne zai zuba wa wannan launi ruwa ya rage shi? Na shanya su haka nan.

Ranar gasa ta faɗo tsakiyar bazara, rana kamar ta sauko ƙasa. Fili ya cika da ɗalibai da iyaye da masu tallan rake da gyaɗa. An kafa rumfa, manya daga ofishin ilimi suna zaune, hedimasta yana tsakiyarsu cikin farar babbar riga da ta sha sitaci. Da aka kira malamai na fito ina ɗan tsalle-tsalle, farin wando, jar singileti, jan ƙyalle ya zagaye suma. 'Yan Jan Gida suka ɗauki tafi. Malama Hajara tana bakin fili riƙe da bokitin ruwa, na ga ta yi murmushi, na ce a raina aikin galura ya fara biya.

Ana busa usur na fita kamar an harbo ni. A zagayen farko babu wanda ya ga ƙeyata, har hannu na ɗaga wa rumfa. A na biyu ne ƙirjina ya fara ƙuna, kwiɓin nan ya dawo ya kama wurinsa. Malam Bawa ya zo ya wuce ni a hankali kamar mai zuwa kasuwa, har da yi mini sannu. Sauran ma suka wuce ɗaya bayan ɗaya, har da malamin aji shida mai tumbi. Gumi yana kwarara, idona yana yaji, ƙafafuna sun zama na aro. Daidai gaban rumfar manya sharaɓata ta hagu ta ɗaure tamau, na yi ƙara na kife.

Wata mata ce ta fara cewa jini. Kafin in ɗago fili ya ɗauka. Na shafo fuskata na duba tafin hannu, ja. Na dubi ƙirjina, ja yana gangarowa, farin wandon nan ya rine har cinya. Ku yarda da ni, a wannan lokaci babu galura ko ɗaya a cikin kaina. Abin da na sani shi ne ƙirjina yana ciwo, numfashi ya ƙi, mutane suna salati, ga kuma jini. Na ce shi ke nan, zuciyar ce ta fashe.

Hedimasta ya taso da gudu ya tallafe kaina a cinyarsa. Malam Bawa, wanda ya kusa cinye tseren, ya bar shi ya dawo kaina. Yara sun kewaye mu suna kuka. Na yi kalmar shahada, sannan na kamo hannun Malam Bawa, na ga bai kamata in tafi da magana a ciki ba.

"Malam Bawa, ka ce wa Goggo ta yafe mini," na ce. "Takalmina mai tudu na bar maka. Malama Hajara kuma, ka gaya mata tun ranar da ta zo makarantar nan nake son ta. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Ni a zatona raɗa nake yi. Ashe da yake kunnuwana sun toshe, da muryar aji na faɗa, har manyan rumfa sun ji. Ita kuma wadda na ba da saƙon a kai mata tana tsaye a kaina da bokitinta.

Aka ɗora ni a benci aka nufi gindin wata bishiya inda malamin asibiti, wani mutumin kudu da aka gayyato saboda ranar, ya ajiye akwatin magani. Muna cikin tafiya wani ɗigo ya gangaro daga goshina ya shiga bakina. Na ɗanɗana. Na san ɗanɗanon jini, kowa ya taɓa cizon harshensa. Wannan ɗaci gare shi, kuma warinsa sak warin bahon Goggo.

Nan take hankalina ya dawo, ya dawo da komai, har da maganar da na gama yi. Na runtse ido, na yi kamar na suma. Ban taɓa roƙon Allah ya ji mini ciwo ba sai ranar. Na ce ya Ubangiji ko ɗan tsaga ne, ko ƙwarzane, a samu wani abu da za a ɗaure da bandeji.

Malamin asibiti ya sa almakashi ya raba singiletin biyu a gaban jama'a. Ya karɓi bokitin Malama Hajara ya sheƙa mini, ya goge ƙirjin da auduga, ya juya ni ya duba baya. Ya kwance ƙyallen, ya shiga tona sumata kamar mai neman allura. Ina jinsa yana ta ƙunƙuni. Can sai ya miƙe.

"Oga hedimasta, ni ban ga ƙofa ba. Jini ya fita ta ina?" Ya kai audugar hanci ya shinshina. "Wannan ba jini ba ne. Fenti ne."

Dattijon nan malamin Arabiyya ne ya fara, wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa kamar tari, daga nan ta kama kowa. Yaran da ke kuka suka koma birgima. Ni dai na ci gaba da sumana, na ƙudura ba zan farfaɗo ba sai fili ya watse. Sai malamin asibiti ya kama sharaɓar da ta ɗaure ya matsa da ƙarfi. Na zabura na zauna ina kiran sunan Allah, ido biyu, lafiyata ƙalau.

Daidai nan Goggo ta iso. Wani mai saurin kai labari ya riga ya je ya ce mata na faɗi na mutu, ta taho da mayafi a hannu, matan unguwa suna biye da ita. Ta kutsa cikin mutane, ta dube ni zaune ba riga, ta dubi tsumman singiletin a ƙasa, ta dubi hedimasta, wanda gaban farar rigarsa ya koma kamar na mahauci ranar Sallah. Sannan ta ce, "Ashe shi ya sa bahona ya ƙi fita."

Galurar da ta ƙi zama a jikin singileti, a jikina ta zauna daram. Na yi kwanaki ina shiga aji da jan goshi, na dirje da sabulun salo har fata ta yi zafi. In na juya ina rubutu a allo sai in ji wani yaro ya yi nishin mutuwa a baya, aji ya kwashe. Hedimasta bai yi mini faɗa ba, rigar kawai ya aiko mini a ƙunshe ya ce in wanke. Na wanke, ta koma ruwan hoda gaba ɗaya. Malam Bawa kuwa, da ya rasa tseren saboda ni, ya zo har gida ya ce ya zo karɓar gadonsa, wai a gaban shaidu na faɗa. Na miƙa masa takalmin, don ban ga bakin musu ba.

Malama Hajara ce na kasa haɗa ido da ita. In na hango ta ta gabas sai in bi ta yamma. Haka muka yi ta yi har wata rana ta ritsa ni a ofishin malamai, ni kaɗai, ina gyaran littattafan yara. Ta zauna ta buɗe rajistarta kamar ba ta gan ni ba. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Malam, saƙon nan da ka ba Malam Bawa, har yau bai kawo ba. Na mai mutuwa ne kawai, ko mai ran ma yana kan bakansa?"

Na yi ta in'ina kafin na samu na ce yana kan bakansa. Ta ce to ba a fili ake irin wannan magana ba, babanta yana zama a zaure bayan la'asar. Ta rufe rajista ta miƙe, da ta kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa in sa fararen kaya, kuma kada in taɓa su da komai.

Yanzu jikokinmu sun fara tasowa, kuma babu taron suna ko biki da za a yi a gidanmu ba ta ba da labarin nan ba, har da kwaikwayon muryata. Ni dai abin da na koya bai wuce biyu ba. In ka rina kaya ka ɗauraye su. In kuma ka ga kana mutuwa a gaban jama'a, ka daure ka ɗanɗana jinin tukuna kafin ka buɗe baki.