Hantar Hajja Kaka a Kumatun Musaddiƙ

Wata biyu ina dafa wa surukata hanta, ɗana yana cinyewa, wayarsa tana shaidar cewa tsohuwa ce ta ci.

Bayan ƙaramar salla aka gwada Hajja Kaka a wani asibiti a Kazaure, aka ce jininta ya yi ƙasa, sai an dage da abinci mai ƙara jini. Musaddiƙ, ɗana na uku, wanda ya gama difloma ya dawo Roni yana jiran aiki, ya ce a bar masa. Ya duƙufa zaɓen manhaja kamar mai neman aure. Ta farko ba ta san tuwo ba, ta ce dankalin Turawa ne aka tuƙa. Ta biyu ta masu rage ƙiba ce, Hajja kuwa iska mai ƙarfi sai ta yi gaba da ita. Ta ukun ya riƙe: a ɗauki hoton abinci, ta lissafa sinadarin ƙarfe da bitamin ɗin da ke ciki, in sun isa ta nuna kore.

Kullum kore. In zuba hanta, kwaɗon zogale, wake da alayyafo a langa, ya ɗauki hoto a bakin murhu, ya kai mata ɗaki. Ni ba na tsayawa a kan surukata tana cin abinci, ba haka aka rene ni ba. Langa ta fito a suɗe, in yi hamdala.

Ranar Talata muka koma gwaji, jini ya ƙara sauka. Nas ɗin ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni a gaban matan da ke layi ko abincin ma ana ba tsohuwar nan. Ta ce in aka dawo wata mai zuwa a haka sai ƙarin jini, mu fara neman mai bayarwa cikin dangi.

Washegari na bi bayan langa, na tsaya a bakin asabari da tsintsiya a hannu kamar mai shara. Muryar Musaddiƙ na fara ji yana gaishe da kakarsa.

"...da kwana, amaryar da ta ƙi tsufa. Haƙora nawa suka wayi gari?"

"Sun fi ayyukan da ka samu yawa. Zauna, maigida, ka ga yadda ka rame."

"Ramar auren tsohuwa ce. Abokaina suna kai matansu shan iska, ni ina kai tawa awon jini."

"Da me kake kai ni? Ko keke ba ka ajiye ba. A zamanina mai kai irin naka ko buta ba zai riƙe wa masu zuwa zance wurina ba."

"Zamanin da ake biyan sadaki da wuri?"

Ina ji tana tsame hantar ɗaya bayan ɗaya tana jera masa a murfin langa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, ai tata ce. Ta ce a Barno inda aka haife ta mace ba ta cin tsoka mijinta yana kallo, ko da mijin marar amfani ne. Ita romo ya ishe ta, ya miƙo mata goronta da shayi kawai. Sai na ji tauna. Na san taunar ɗana.

Ba zan iya ɗaga wa Hajja murya ba, don haka shi na kira, yadda za ta ji. Na tambaye shi kumatun nan da ya tara, wace manhaja ce ta lissafa su. Ya leƙo da maiƙo a leɓe, ya fara bayanin cewa ita manhaja abin da ke cikin langa take gani, ba cikin da ya shiga ba, kuma in ya ƙi karɓa Hajja fushi take ta ƙi taɓa ko romon. Daga ciki ta ce, "Zubaida, ki bar mini miji, kiwonsa nake." Na ce masa to kiwo ya yi kyau, tunda jinin da na dafa wa Hajja yana jikinsa, a jikinsa za a ɗebo a mayar mata.

Musaddiƙ ya goge maiƙon leɓensa. Sannan ya koma ciki, har da gyara zama.

"Kin ji, Hajja. Leda biyu za a zuba miki nawa. Ki tashi kina latsa waya, kina kallon ƙwallo."

"Jinin wa? Allah ya kiyaye. In kai hantsi ina barci? In ga tsintsiya in tsallake?"

"Ki fara zuwa majalisa da ƙaramin wando."

"Jinin da bai iya ɗaga buhun gero ba, ni zai ɗaga? Na haifi takwas da nawa, ban ari na kowa ba."

"To ga hanta ga allura, amarya, ki zaɓa."

Ta yi dariya har da tari. Ta jawo murfin langar gabanta, ta ce ta sake shi saki ɗaya, daga yau babu abincinsa a ɗakinta. Ta ɓantari goro ta jefa masa, ta ce ga na sallama. Ta ɗauki hanta ta fara mamula da 'yan haƙoran da ya raina.

Su sun yi dariyarsu sun shirya. Ni ba a wanke ni ba tukuna, matan Roni biyu suna layin nan ranar.

Saboda haka, Musaddiƙ, ka ci tuwonka ka ƙoshi a tsakar gida inda nake ganinka kafin ka taɓa langar Hajja. Hajja, ina durƙuso, a bar kiwon saurayin nan haka. Ranar komawa gwaji kuma kai za ka kai matarka, da hannun riga a naɗe ko za a buƙata, ka tsaya gaban nas ɗin nan da matan layi, ka nuna musu koren wayarka, sannan ka nuna musu kumatunka.