Faifan Norway a Gidan Wa'azi

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na yi wa Alhaji Isufu direba ba. Lokacin ina neman auren 'yarsa Zalihatu, kuma na zama ustazun dole: wando ɗangale, sahun farko, gaisuwa har ƙasa.

Amma ina da wani sirri. A siton da nake ɗaukar kwalaye a titin Wendover, nan ƙasar Turawa inda muke zaune, wani Bature abokin aikina ya ba ni faifan wasu makaɗa 'yan Norway. Wai jaz ne aka gauraya da rok. Ba waƙa, ba amshi. Mai ganga na duka kamar an yi masa laifi, mai jita na karta, mai busa kuwa ihu kawai yake sa ƙahonsa. Ranar farko na ce waɗannan ba su da lafiya. Bayan mako guda, ba na iya tuƙi sai da su. Wallahi ina son kiɗan nan, gajiyar aiki yake kwashe mini tas.

To a garin nan kowa shiga motar kowa yake. Don kada a gani, sai na cire faifan wa'azi daga gidansa na saka nawa a ciki. (A lokacin har yaba wa kaina dabara na yi.)

Ranar Sallah bayan an sauko idi, na ɗauki Alhaji da amininsa Malam Habu zuwa wata gona a McLeansville inda ake yanka raguna. Muna cikin tafiya Alhaji ya buɗe aljihun mota, ya zaro gidan faifan.

"Ma sha Allah! Malam, ka ga yaron kirki. Sa'o'insa na jin shirme, shi wa'azi yake ji."

Kafin in ce uffan ya tura faifan. Ƙarar kuwa tana can ƙarshe inda na bar ta jiya.

Jama'a! Mai busa ne ya fara, ya tsala wata ƙara, ganguna suka rufto a kansa. Malam Habu ya dafe hula yana salati.

"Tsaya, tsaya! Injin ya buga!"

Maimakon in kashe, sai bakina ya riga hankalina. "Alhaji, faifan ne ya karce. Zafin mota ke lalata su."

"Ayya," in ji Alhaji. "Bar shi, ƙila ya wuce wurin, malamin ya fito."

Haka muka zauna, mutum uku da manyan riguna, muna jiran malami ya fito daga Norway. Minti ɗaya, minti biyu. Gumi har cikin takalmina. Sai aka iso wurin da na fi so, inda komai ke ɗaukewa cak, sannan ganga ta faɗo sau uku. Ban san lokacin da na buga wa sitiyari uku ba, daidai, har da gyaɗa kai.

Alhaji ya miƙa hannu ya kashe. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Bon," in ji shi da Faransancinsa, wato to. "Ashe karcewar ma ka haddace ta."

Malam Habu ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na ce shi ke nan, Zalihatu ta tafi.

A gona ina riƙe wa Alhaji ƙafar rago, ya ce a hankali, "Kiɗanka tsakaninka da kunnenka ne. Gidan da ka saka shi ne ya dame ni. Wanda zan ba 'yata, ina son abin da ke rubuce a waje ya zama shi ne a ciki."

Wannan ta fi ƙarar shiga jikina. Washegari na mayar da wa'azi gidansa, na ɗauki alƙalami na rubuta NORWAY ɓaro-ɓaro a kan nawa.

An ɗaura auren bayan wata takwas. Har yau in Alhaji zai shiga motata, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yau wane malami ne zai yi mana karatu?" Na dai koyi darasi: in za ka ɓoye abu, ka fara shawara da hannunka da kanka, don su ba su iya ƙarya ba.